Kare, Kyanwa da Ƙwaryar Baƙo: Tarihin Wata Mas'alar Tsarki a Ƙasar Bagudo da Iyakar Benin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Daga cikin mas'alolin da ɗalibi kan wuce da sauri a babin tsarki akwai mas'alar su'uru, wato ragowar abin sha ko abinci da wata dabba ta sa wa baki. A zaure 'yan layuka ne kawai, malam ya fassara, almajiri ya maimaita, a zarce zuwa farillan alwala. Sai ranar suna ko walimar aure nauyinsu yake bayyana. An jera akusa da ƙore domin baƙi, uwar gida ta juya baya, kyanwa ta ture faifai ta lashi nono, ko kaza ta tsattsagi shinkafa, ko kare ya zura baki cikin fura. A wannan lokaci waɗancan layukan ne za su yanke hukunci a kan abincin da aka wuni ana dafawa, da mutuncin mai gida, da haƙƙin mutumin da ya taso daga nesa ya zauna a kan tabarma yana jira.

Wannan maƙala ta bi sawun mas'alar daga Madina zuwa Ƙairawan, daga can zuwa Gwandu, har ta sauka a ƙasar Bagudo da ke kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Abin da take son tabbatarwa shi ne, mazhabar Malikiyya da malaman yankin suka gada ta fi sauƙi a kan abinci fiye da yadda yawancin mabiyanta suke zato a yau, kuma sauƙin nan yana da dalilai na nassi da na rayuwa. Sai dai hukuncin tsarki tambaya ɗaya ce daga cikin tambayoyin da ke gaban mai gida, kuma malamanmu na farko ba su taɓa cakuɗa ta da sauran ba.

Ƙasar da hanyoyi suka haɗu

Ƙaramar hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro a 1991, kuma tana ƙarƙashin masarautar Gwandu. Kogin Kwara ya ratsa ta. A cikinta akwai Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya da Zagga. Wanda ya fita ta Tsamiya zai faɗa Segbana, wanda ya bi ta Lolo zai kama hanyar Malanville, dukansu a Benin. Iyakar ba ta daɗe ba idan aka gwada ta da zaman mutanen. Ta samo asali ne daga rige-rigen Ingila da Faransa a kan ƙasar Bargu, rige-rigen da ya kai Lugga garin Nikki a 1894, aka kuma kashe wutarsa da yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898. Illo, wadda tarihin Bargawa ke lissafa ta tare da Busa da Nikki cikin masarautun da ke danganta kansu da Kisra, ta faɗo ɓangaren Ingila, daga baya Turawa suka haɗa ta da Gwandu. Dangi ɗaya suka wayi gari rabinsu na biyan haraji ga wannan Bature, rabi ga wancan, amma biki da suna da ta'aziyya ba su daina tsallake layin ba har yau.

Tun kafin Turawa, yankin mashiga ce ta fataken goro. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja yakan ƙetare Kwara a wurare irin su Illo da Gaya da Yawuri, ya bi ta garuruwan Bargu kamar Kandi da Nikki da Jugu kafin ya isa Salga. Girman irin wannan ayari ba abin wasa ba ne: Clapperton ya ci karo da ɗaya a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Duk inda irin wannan taro ya yada zango, sai an sami mai masauki, da matan da za su dafa tuwo su dama fura su kai. Ciyar da baƙo a wannan ƙasa sana'a ce kuma ibada ce, tun kafin a san kalmar otal.

Masu masaukin kuwa iri-iri ne. Ga Dendawa da Zabarmawa na bakin kogi, ga Kyangawa da Bargawa manoma da mafarauta, ga Sarkawa masunta, ga Hausawan zango, ga Fulanin da Ka'oje ta zama cibiyarsu. Kowanne daga cikinsu yana zaune da dabba a kusa da murhunsa. Mafarauci ba ya rabuwa da kare, mai rumbu yana buƙatar kyanwa saboda ɓera, kaji da agwagi da awaki kuma suna yawo a tsakar gida ba shinge tsakaninsu da madafa. Kayan gidan kansu shaida ne a kan daɗewar matsalar. Ba don ado kaɗai aka saƙa faifai ba, kuma ragayar da mata ke rataye ƙwaryar nono da man shanu a cikinta an ƙirƙire ta ne domin abin da ke tafiya da ƙafa huɗu. Sunna ta zo ta ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin a hadisin Jabir (Allah ya yarda da shi) an yi umarni da rufe ƙore da ɗaure bakin salka da dare, ko da da gicciya kara ne a kai.

Abin da Madina ta gada

Asalin mas'alar hadisai ne kaɗan, kuma galibinsu suna cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik (ya rasu 179 bayan Hijira). Na farko na Abu Huraira ne, mai umartar wanda kare ya sha a mazubinsa da ya wanke shi sau bakwai. Na biyu na Kabsha 'yar Ka'abu ne, wadda ta ga surukinta Abu Ƙatada yana karkata wa kyanwa mazubin alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, da ya ga tana mamaki sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Na uku na Uwar Muminai Maimuna ne, a kan ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, inda aka yi umarni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi.

Akwai na huɗu a Sunan na Abu Dawuda wanda ya fi kowanne kusa da maganarmu. An aika wa Nana A'isha (Allah ya yarda da ita) kyautar harisa, wato abincin alkama da nama, aka tarar tana salla, aka ajiye. Kyanwa ta zo ta ci. Da ta sallame sai ta ci daga daidai wurin da kyanwar ta ci. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa saboda matar da ta ruwaito shi ba sananniya ba ce, amma ma'anarsa ta dace da hadisin Abu Ƙatada.

A kan kyanwa saɓani kaɗan ne. Hanafawa sun karhanta su'urunta, sauran sun ce mai tsarki ne. Kare ne ya raba malamai. Shafi'awa da Hanbalawa sun fahimci umarnin wanki a matsayin dalilin najasa mai kauri, suka wajabta wanki bakwai ɗaya da ƙasa, suka ce abinci mai ruwa da ya sa wa baki ya ɓaci. Hanafawa sun yarda yawunsa najasa ne amma sun wadatu da wanki uku. Malik ya bi wata hanya dabam. A cikin Mudawwana, wadda Sahnun (ya rasu 240) ya tattara daga Ibnul Ƙasim (ya rasu 191), an hakaito cewa Malik ya yarda hadisin ya zo amma ya ce bai san haƙiƙanin manufarsa ba. Ya kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abin da karen farauta ya kamo, yana tambaya yadda za a ci farautarsa sannan a ƙyamaci yawunsa. Ibnul Ƙasim ya fahimci cewa malaminsa yana kallon kare kamar ɗaya daga cikin mazauna gida, ba kamar namun daji ba. Da aka zo kan nono da man shanu, Malik ya ce a ci, yana ganin babban abu ne mutum ya nufi arzikin Allah ya zubar don kawai kare ya lasa.

Wannan matsayi ba raina hadisi ba ne, kamar yadda wasu ɗalibai ke saurin ɗauka. Ruwayar Malik, ta hanyar Abuz Zinad daga A'araj, ba ta ambaci ƙasa ba. Ambaton ƙasa ya shahara ne ta hanyar Ibnu Sirin. Lafazin umarni da zubarwa da ke cikin Sahihu Muslim kuwa, Nasa'i ya ce bai san wanda ya bi Aliyu ɗan Mushir a kansa ba. Ga kuma abin da Buhari ya kawo daga Ibnu Umar cewa karnuka sun kasance suna shiga masallaci suna fita a zamanin Annabi ba a yayyafa ruwa saboda su. Wanda ya rinjayar da ra'ayin Shafi'i yana da hujjarsa mai ƙarfi, amma ba shi da damar cewa ɗaya ɓangaren ra'ayi ne tsura.

Daga Ƙairawan zuwa Gwandu

Littattafai biyu ne suka ɗauko wannan fiƙihu suka kawo shi ƙasar Hausa a sigar da kowane almajiri ya sani: Risala ta Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani (ya rasu 386) da Mukhtasar na Khalil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 8. Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusukh inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta, ya ambaci duka biyun, kuma ya faɗi cewa Shehu Usmanu ya karanta Mukhtasar a wajen Malam Usmanu Binduri. Da Shehu ya raba tafiyar da daula a 1812 ya ba Abdullahi yamma, waɗannan littattafai ne suka zama ma'aunin alƙalai da limaman Gwandu. Bargu ba ta taɓa miƙa wuya ga Gwandu da takobi ba, amma littafi ya shiga inda doki bai shiga ba, a cikin gafakar malaman da ke bin ayari da waɗanda suka zauna a unguwannin Dendawa da Wangarawa.

Khalil ya tsara mas'alar da taƙaitawar da aka san shi da ita. Tushenta shi ne duk mai rai mai tsarki ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa, ko da kare ne. Wanke mazubi sau bakwai mustahabbi ne, kuma ta'abbudi ne, wato bin umarni ba tare da an rataya shi ga najasa ba. Ya keɓanta da mazubin ruwa: a zubar da ruwan a wanke mazubin, ba niyya, ba ƙasa, kuma ba a ninka wankin don karnuka sun yi yawa. Mazubin abinci da babban kwami ba su shiga ciki ba. Saboda haka a mashhurin mazhaba, idan kare ya sa baki a randa an so a zubar da ruwan, idan kuwa ya sa baki a ƙwaryar fura, furar tana nan da tsarkinta.

Wanda ya ji wannan karon farko yakan ce an juya abu a baibai, domin a tunaninsa abinci ya fi cancantar a kiyaye. Amma hikimar a fili take ga wanda ya zauna bakin Kwara. Ruwa ana ɗebo wani, kuma rai ba ya jin asararsa. Nonon da Bafulatana ta tatsa da asuba, ko man da ta tara kwana da kwanaki, ko tuwon da aka tuƙa da hatsin ƙarshen rumbu a tsakiyar damina, idan an zubar ba a samun madadinsa a ranar. Da a ce hukuncin Gwandu shi ne duk abin da kare ya taɓa ya zama najasa mai kauri, da malamin zango ya riƙa ɗari-ɗari da ƙwaryar duk gidan da ke da kare, da kuma cin abinci tare, wanda yake ɗaya daga cikin ƙofofin da Musulunci ya bi ya shiga zukatan mutanen iyaka, ya yi wuya. A ganina wannan yana cikin fa'idojin mazhabar da masu rubuta tarihin yaɗuwar addini a yankin ba su cika kulawa da su ba.

Kaza ta fi kare wahalar sha'ani a fiƙihu, abin da kan ba ɗalibai dariya. Mudawwana ta yi magana a kan kaji da agwagin da aka saki suna cin ƙazanta: ruwan da suka sha ba a so a yi alwala da shi, amma nonon da suka sa wa baki ba a zubar da shi sai an ga ƙazanta a bakinsu. Khalil ya mai da wannan ƙa'ida. Su'urun dabbar da ba ta guje wa najasa makaruhi ne idan ruwa ne, karhancin kuma yana faɗuwa idan dabbar tana da wuyar kiyayewa kamar kyanwa da ɓera, ko idan abin abinci ne. In kuwa an ga najasa a bakinta lokacin da ta sa shi, sai a yi aiki da abin da aka gani. Ma'aunin ke nan: gani da ido, ba zato ba.

Inda mazhabar ta tsananta shi ne idan najasa ta tabbata. Abinci mai ruwa, komai yawansa, yana najastuwa da najasa komai ƙanƙantarta, domin abinci ba shi da ƙarfin ture najasa kamar ruwa. Kunu da miya da fura damammiya da man gyaɗa duk suna nan. Daskararre kuwa, kamar tuwon da ya huce ko cukun da Fulanin Benin ke yi da ruwan tumfafiya, wanda ake kira wagashi, ana yanke gwargwadon inda abin ya kai a ci saura. Risala ta kawo misalin ɓeran da ya mutu a cikin mai ko zuma: narkakke a zubar, sai dai ana iya kunna fitila da man a wajen masallaci, daskararre a kwashe kewayen, Sahnun kuma ya ƙara sharaɗin kada mushen ya daɗe a ciki. A ƙasa mai zafi irin Bagudo, inda man shanu kan daskare da sanyin hunturu ya narke da bazara, hukuncin ƙwarya ɗaya yana iya sauyawa da sauyin yanayi.

Game da riƙon karen kansa, Risala ta hana ajiye shi a gidajen birni da na ƙauye sai don gona, ko dabbobin da yake raka wa daji, ko farautar neman abinci. Masu sharhi sun hakaito cewa Ibnu Abi Zaidin da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa karhancin Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Mutanen ƙauyukan iyaka da ke fama da ɓarayin shanu a yau ba sa buƙatar a yi musu sharhin wannan amsa.

Tsarki dabam, cuta dabam

Ba duk Malikawa ne suka tsaya a kan ta'abbudi ba. Ibnu Rushd kaka (ya rasu 520) ya tafi a kan cewa umarnin yana da illa da hankali ke riska, wato tsoron kada karen ya kasance mahaukaci dafinsa ya shiga mazubin. Jikansa (ya rasu 595) ya kawo wannan a Bidayatul Mujtahid, ya kawo sukar da aka yi masa cewa mahaukacin kare ba ya kusantar ruwa, ya kuma amsa cewa hakan sai cutar ta yi nisa, a farkonta yana sha. Wannan muhawara ta gudana a Andalus fiye da ƙarni bakwai kafin Louis Pasteur ya gwada rigakafin cutar a kan mutum a 1885.

Likitancin yau ya nuna ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawu, mafi yawan kamuwa da ita ta cizo ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Ɓera ma ya fito da sabuwar fuska. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, yana yaɗuwa ta abincin da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa. Fiƙihu ya ce ɓeran da ya faɗa miya ya fito da rai bai najasta ta da jikinsa ba, kuma wannan magana tana nan daram. Amma fiƙihun nan dai shi ne ya haramta ciyar da mutum abin da ake rinjayar da zaton zai cutar da shi, bisa hadisin hana cuta da cutarwa da Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Mai gidan da ya ga karen da ba a san mai shi ba, yana dalalar da yawu, ya sa baki a abinci, sannan ya miƙa wa baƙi yana kafa hujja da Khalil, ya amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba.

Walima ɗaya, fahimta biyu

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, mai gida da baƙonsa a wannan yanki, in dai masu karatu ne, littafi ɗaya suka karanta. Daga baya abin ya sauya. Buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yawaitar makarantun Islamiyya, sun kawo karatun hadisi kai tsaye ga jama'a masu yawa. Bulugul Marami na Ibnu Hajar (ya rasu 852), wanda Bashafi'e ne, ya zama littafin da yara ke haddacewa, kuma a babinsa na farko ɗalibi yake cin karo da hadisin kare da lafazin ƙasa da na zubarwa. Wannan alheri ne ta fuskar kusanto da mutane ga Sunna. Sai dai ya haifar da yanayin da kakanninmu ba su saba da shi ba: a tabarma ɗaya akwai wanda yake ganin furar nan halal ce mai tsarki, da wanda yake ganin in ta taɓa rigarsa sai ya wanke kafin ya yi salla. Idan aka rasa ladabin saɓani, sai maganar ta tashi daga kan ƙwarya ta koma kan mutane, a fara cewa gidan wane ba a cin abincinsu. A ƙasar da dangantakar manomi da makiyayi take bukatar lallami, wannan ba ƙaramar ɓaraka ba ce.

Maganin yana cikin gadon Sakkwato da Gwandu. Shehu Usmanu, a Hidayatuɗ Ɗullab da Najmul Ikhwan, ya tsaya a kan cewa mazhabobin Ahlus Sunna duk hanyoyi ne na shiriya, kuma ba a inkari mai tsanani a kan abin da malamai suka yi saɓani. Mazhabar ma a cikin gidanta ba baki ɗaya take ba: an ruwaito daga Malik ta hanyar Ibnu Wahbin cewa mazubin abinci ma ana wanke shi, wasu kuma sun bambanta karen da aka halatta riƙonsa da wanda ba a halatta ba.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya, wadda babin tsarki bai amsa ta ba: shin mai gida zai faɗa wa baƙi abin da ya faru? Muwaɗɗa ta kawo labarai biyu da a zahiri suke jan hannu zuwa ɓangarori biyu. A na farko, Umar ɗan Haɗɗabi da Amru ɗan Asi sun iso wani tafki a kan tafiya, Amru ya tambayi mai tafkin ko namun daji na sha a ciki, Umar ya hana shi ba da amsa, yana cewa su da namun dajin kowa na biyo bayan kowa a mashaya. A na biyu, an kawo wa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) gasasshen damo a ɗakin Maimuna, ya miƙa hannu, sai wata daga cikin matan da ke wurin ta ce a sanar da shi abin da zai ci. Da aka faɗa masa ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci Annabi yana kallo.

Ina ganin babu karo tsakaninsu, domin kowanne da wanda yake yi wa magana. Labarin Umar tarbiyya ce ga baƙo: kada ya shiga gidan mutane yana binciken ko akwai kare, ko an rufe nono jiya, domin asali tsarki ne kuma bincike ƙofar waswasi ce. Labarin damo kuwa tarbiyya ce ga masu gida: abin da suka san ran baƙo zai ƙi da ya sani, ba su ɓoye masa ba ko da halal ne, kuma ba a zarge su da faɗa ba. Ya kuma tabbatar da cewa ƙyama ta ɗabi'a uzuri ce karɓaɓɓiya, ba sai mutum ya lulluɓe ta da rigar haramci ba. Malamanmu sun wajabta wa mai sayarwa bayyana abin da mai saye zai ƙi a cikin haja, ko da ba aibi ba ne a shari'a. Baƙon da ya amince da hannunka ba tare da ciniki ba bai kamata haƙƙinsa ya gaza na mai saye ba.

Daga nan hukuncin yake rarrabuwa gwargwadon hali. Kyanwar gida ta lashi gefen tuwo, an yanke wurin, ba wani abin sanarwa a nan, domin kusan babu mai ganin najasa kuma al'ada ta yafe. Kare lafiyayye na gida ya sa baki a fura, mai gida Bamalike yana da damar sha da iyalinsa ko bai wa wanda ya san bai damu ba, bai kuma halatta a tilasta masa zubarwa ba. Amma miƙa ta ga taron da ya san akwai masu ganin najasarta, ba tare da ya faɗa ba, yaudara ce a kan abin da ya shafi sallarsu. Hanyar faɗar ma tana da ladabi. Ba a tsakiyar taro ake shelanta ta ba, a kunyata matan da suka yi girki. Ana janye ƙwaryar ne a kawo abin da ya sawwaƙa ko da ruwa da goro ne, in ya zama dole a yi bayani a raɗa wa babban baƙo, shi ya san yadda zai yi da mutanensa. Hausawa sun riga sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Baƙon da aka faɗa wa kuma yana da faɗin zaɓi. Risala ta wajabta amsa gayyatar walimar aure idan babu abin ƙi bayyananne, amma ta bar wa mutum zaɓi a kan ci. Yana iya janye hannu ya yi addu'a ga masu gida. Abin da ba shi da shi shi ne ya aibata abincin, domin an ruwaito cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ba shi kuma da damar hana na kusa da shi ci, kamar yadda ba a hana Khalid ba.

Akwai wani reshe da kan taso bayan baƙi sun watse, idan dabbar ta maƙwabci ce. Hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib, wanda Risala ta gina hukunci a kansa, ya ɗora tsaron gona da rana a kan mai ita, ya ɗora ɓarnar dare a kan mai dabba. Nassin a kan shuka da lambu yake, amma wanda ya yi ƙiyasi a kansa zai ga cewa matar da ta bar tukunya a buɗe a tsakar gida da hantsi, a garin da kowa ya san ana sakin awaki, da wuya ta sami ramuwa a kan mai akuya. Lamarin yana sauyawa idan an san dabbar da ɓarna, an kuma riga an gargaɗi mai ita a gaban shaidu bai ɗaure ta ba. A nan malaman mazhaba suna ɗora masa lamuni, dare ne ko rana.